Kiran da Na Binne a Fakku

Da sunan Allah, mai tsaron wanda ya fita da wanda anka bari a gida.

Zuwa ga ɗana Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa Abuja lafiya. Jirgin da zai ɗauke ku kuwa, Allah shi tashe shi lafiya, shi sauke shi lafiya. Ummarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don babu abin da ya sake tun fitarka in ba hannuna na hagu ba, wanda ya kumbura ya yi kamar dawon da anka manta a rana. Da na dama nake rubutu, kuma da kaina zan ɗauki hoton takardar in tura maka a waya, don ba na son wani ya karanta. In ka ga yatsana ya rufe gefen hoton, ka ɗauka gaisuwa ce.

Ga yadda hannun ya samu rabonsa. Ranar da munka raka ka tashar Tambuwal, tun gida Ummarka ta danƙa mani ƙyalle ta ce, "Malam, in ya ɗaga ƙafa zai shiga mota, ka ɗebo mani sawunsa." Ka san abin tsofaffi: ƙasar da matafiyi ya taka ta ƙarshe a ƙulle ta a ajiye, in ya daɗe bai dawo ba akwai abin da za a yi masa kiranye da shi. Na ce, "Haba Hajiya, shekara guda fa jami'arsu ta tura shi, ba hijira zai yi ba." Ta ce, "Haka mai sunansa ya ce." Daga nan na sa ƙyalle aljihu.

Motarku na tashi na durƙusa tsakiyar tasha kamar mai neman allura, na dafa ƙasa da hagu ina shirin ɗiba da dama. Sai ga ɗan kabu-kabu ya biyo ta kan yatsuna. Ya tsaya ya waiwayo ya ce, "Baba, mi kaka nema tsakiyar hanya?" Na ce, "Yatsuna nika nema, ko ka gan su maƙale ga tayarka?" Kafin in gama kallon taurari da rana tsaka, 'yan kamasho da mai awara da wata akuya duk sun bi ta kan sawunka. Na dai ɗebi abin da na samu na ƙulle. Saboda haka ƙullin da Ummarka ta ɓoye a ƙasan adaka ban san sawun wa ke ciki ba. In ta matsa da kira, wata rana akuya za ta yi mana sallama a zaure. Kada ka gaya mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ina zaune a kemis ana naɗe mani hannu, sai na ji raina ya yi fari. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin wanga ba. Na gode wa Allah da babur ɗin nan ya zo, don da na ɗebo sawunka na gaskiya, da na kai gida abin da na san aikinsa fiye da kowa. Darasinka na farko ke nan: in an aike ka abin da zuciyarka ta ƙi, ka ce a'a tun a gida. Wanda ya kasa cewa a'a a ɗaka, a tsakiyar tasha zai faɗe ta da kuka.

Ka san karatuna aji fuɗu ya tsaya. Abin da nake gaya maku shi ne babu hali. Gaskiyar ita ce hedimasta ya juyo ya same ni ina kwaikwayon tafiyarsa a bayansa, yara suna ta birgima don dariya, ya kore ni, ni kuma na ji kunyar komawa ba da haƙuri. Tun daga nan bakina ke ci da ni, bakina kuma ke cina. Mai ƙwaƙwalwar gidanmu ƙanena ne, Attahiru, wanda kake ɗauke da sunansa. Ba ka taɓa ganinsa ba, kuma abin da anka gaya maka kawai shi ne ya tafi karatu Sudan bai dawo ba. Haka ne, amma an yanke wa maganar kai da ƙafa.

Shekara guda ya ce zai yi. Shekara ta zama biyu, ta shiga ta uku. A tsakanin nan mahaifinmu ya rasu, gonarmu ta ƙauyen Fakku da shanun huɗa sunka faɗo kaina ni kaɗai. Inna, kakarka, ba ta da aiki sai kuka da kallon hanya. Lokacin babu waya, saƙo sai in an samu mai zuwa. Ni kuwa ga gajiya, ga ina son in yi aure babu wanda zan bar wa gona, ga kuma wani abu da sai yanzu nake iya kiran sunansa: hassada. Ina tsaye cikin rana bayan shanu, sai in riƙa hango shi a inuwa da littafi, yana kurɓar shayi da dabino. Da Inna ta fiddo ƙullin sawunsa da ta ɗiba ranar tafiyarsa ta ce in kai wa Tsoho Gado, ban yi gardama ba. Har da sauri na haɗa.

Tsoho Gado wani ɗan ƙanƙanin boka ne a bayan Fakku, ba ya kallon idon mutum, in yana maka magana ƙasa yake duba kamar ita ya fi yarda da ita. Ya ce in nemo sabon tulu wanda bai taɓa ganin ruwa ba, in same shi a gonarmu lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Mutane suna tsoron dare, Baffa, amma wanda ya san daji ya san tsakar rana ta fi. Bazara ce, kafin ruwan farko. Na iso gindin marken da ke iyakar gona, babu iska, babu kukan tsuntsu, ko ƙuda ban ji ba. Ganyen ma kamar an zana shi.

Ya juye ƙasar sawun a cikin tulu, ya yi 'yan maganganunsa, ya miƙo mani. Ya ce, "Sa bakinka ka kira sunanai na yanka. Suna kaɗai. Abin da duk ka faɗi cikin tulun ga, shi za a yi."

Na karɓa. Sai abin ya ba ni dariya: ga ni ƙato da gemu ya fara tsirowa, na rungume tulu kamar amarya, zan yi magana da mutumin da ke bayan ƙasashe. Tsohon halin ya motsa. Na sa baki na ce, "Attahiru! Taho gida, malalacin banza, ko da ƙafa ne!"

Gado ya kawo hannu zai rufe mani baki, amma magana ta riga ta shiga. Munka kasa kunne. Daga can cikin tulun, a hankali, kamar mutum yana magana daga ɗakin da ke kusa, anka ce, "Na'am, Yaya."

Na san amsa-kuwwa. Amsa-kuwwa abin da ka ba ta take maido maka. Ni ban ce na'am ba. Kuma muryarsa ce, har da 'yar shaƙewar hancin nan da muke tsokanarsa da ita.

Tsohon nan ya fizge tulun, ya liƙe bakinsa da yumɓu, ya sa ni na haƙa rami gindin marken munka binne. Na miƙa masa goronsa ya ce, "Riƙe abinka, ban yi maka aiki ba, kai ka yi wa kanka." Sannan ya ce ranar da Attahiru ya iso, kafin ya sha ruwan gida, in tone tulun in fasa. In kuwa na fasa bai iso ba, kiran ya yanke, inda duk yake nan zai tsaya, ba zai sake gane hanya ba. Akwai magana ta uku da ya faɗa, ita sai can ƙasa zan gaya maka.

Ɗana, ka gado bakina, na sani, don na sha jin ka kana sa abokanka dariya a zaure har su riƙe ciki. Ban hana ka ba. Wasa ya buɗe mani ƙofofi a kasuwa da kuɗi ba su buɗe ba. Amma akwai wurin da anka ce suna kaɗai. In malaminku na can ya ce kada a taɓa kaza, kada a ƙara kaza, to ba lokacin gwada kaifin harshe ba ne. In mutanen garin suna wani abu da ya ba ka dariya, haɗiye ta, ka tambaya tukuna. Ni dariyar da na yi ta tsawon numfashi ɗaya ce, har yau ban gama jin ƙarshenta ba.

Bayan kaka sai ga wani abokin karatunsa, Malam Sani na Dogon Daji, ya yi mana sallama da jaka. Ya zauna, ya sha ruwa, ya buɗe jakar ya fara fiddo takalma ya ajiye gaban Inna. Ya ce wata rana cikin bazara, gab da azahar, suna zaune malami yana karatu, sai Attahiru ya ɗaga kai ya ce da Hausa, "Na'am, Yaya." Ya miƙe ya fita, ya tsallake takalmansa a bakin ƙofa. Sunka ɗauka alwala zai yi. Wani mai shago ya ce ya gan shi ya miƙi hanyar yamma, yana tafiya irin ta wanda anka aika. Sunka neme shi har sunka gaji.

Sannan Malam Sani ya ce, "Abin tausayin, saura kaɗan fa mu kammala. Har tsarabarku ya saya." Ya fiddo mayafin Inna, ya fiddo wata hula fara ya ce wagga ta Yayansa ce. Ashe mutumin yana tahowa da kansa, a mota, da takardarsa. Ni na ce ko da ƙafa. Hular tana nan cikin akwatina. Na gwada ta sau ɗaya, ta yi mani daidai kamar ya auna kaina, ban sake sa ta ba.

Wanda yake nesa, ba ka san abin da yake shiryawa ba. In ka ji shiru daga gida kada ka yanke mana hukunci, mu ma in mun ji shiru daga gare ka zan zauna kan Ummarka har ta haƙura. Gaggawar na gida ta fi ɓatan hanya kashe matafiyi.

Shekarun farko labari yana zuwa. Wani direba ya ce ya ga mutum babu takalmi wajen iyakar Chadi, ba ya roƙo, ba ya tambayar hanya, an tsaya a ɗauke shi bai ko waiwayo ba. Wani ya ce a ƙasar Barno. Na sayar da ɗan maraƙi na tafi nemansa, na dawo da zazzaɓi, kuma an sace nawa takalman a masallaci, sai ga shi gidanmu mutum biyu ke yawo ƙafa a ƙasa. Daga baya labari ya ɗauke.

Abin da zan faɗa yanzu ban ce ka yarda ba. Kai ɗan jami'a ne, ni mai awon gero ne. Amma duk shekara, in ruwan farko ya sauka na je duba gona, nakan tarar da sawun ƙafa gindin marken nan. Ƙafa tsirara. Sawun yana zagaye itacen, babu inda ya fito, babu inda ya nufa. Nakan ce wa kaina makiyaya ne, amma makiyayi takalmin roba yake sawa, kuma makiyayi daga wani wuri yake zuwa. Babban yatsan hagu a karkace yake. Attahiru, wani bijimi ya taka masa wannan yatsan muna yara, ni na ɗauko shi a baya zuwa gida. Shanuna ba su taɓa yarda sun ja galma kusa da wurin ba, duk dukan da za ka yi masu. Ban ce shi ne ba. Cewa na yi na gani. Wani lokaci nakan yi tunanin ko ya iso tuntuni, amma kiran daga tulu yake fita ba daga gida ba, don haka tulun ya sani, bai san ƙofarmu ba.

Na kai maganar gaban limaminmu na wancan lokaci. Ya ce abin da na yi saɓo ne babba, in tuba, in je in fasa wannan ƙazanta. Na tuba, Allah shaida, amma tuban mai awo na yi, wanda bai cika mudu ba. Don da na gaya wa Inna zan fasa, ta kama gefen rigata ta ce, "Mamman, ranar da duk ka fasa tulun ga, ranar ka kashe mani ɗa da hannunka." Ka san ta yanzu a gidanmu na garin Kebbe, ido ya tafi, amma in rana ta take sai ta ce a buɗe ƙofar gida, a ajiye fura a ƙwarya a rufe da faifai. Kuna yara kuna cewa furar baƙo ce kuna shanyewa da la'asar. Ba ta baƙo ba ce. Kuma har yau Inna ta ɗauka suna kaɗai na kira.

Kuskure na gaba kai ya shafa. Da anka haife ka, Inna ta ce a maida sunan, don a riƙa jinsa a gida. Ni da ban iya a'a ba na ce to, har ina ganin sadaka na yi. Sai sunan ya yi wa kowa nauyi a baki, anka koma kiranka Baffa, da alkunya da tsoro a haɗe. Ban yi tunani ba sai da ka fara tafiya. Da rana tsaka kana wasa tsakar gida, sai ka saki abin hannunka, ka juya wajen da Fakku take, ka ce, "Na'am." Babu kowa a wurin sai turmi. Ummarka ta ce kunne ne. Munka kai ka asibiti anka zaro ƙwayar wake daga kunnenka, na yi ta ba da labarin a kasuwa ana dariya. Waken ya fita, waiwayen bai fita ba. Ragewa kawai ya yi da ka girma.

Ka tuna shekararka ta farko a jami'a a Sakkwato? Tsakiyar mako, ana cikin karatu, na ɗaga kai daga kan buhu sai ga ka tsaye gaban rumfata, babu jaka, da silifas ɗin wanka, ka sauko daga motar albasa. Na ce, "Lafiya?" Ka ce, "Baba, ba kai ka kira ni ba?" Na ce, "Da wane katin? Wayata ko gaisuwa ba ta iya fitarwa." Ka sosa ƙeya ka yi dariya, ka ce kai ma ba ka san yadda anka yi ka ga kanka a tasha ba. Na yi dariya na taya ka, na sa anka dama maka fura, na maida ka mota. Ranar duk wanda ya zo awo ya ci riba, don ina zuba mudu ban san nawa na zuba ba. A ranar ya kamata in zaunar da kai in gaya maka abin da nake rubutawa yau. Sai na yi abin da na iya, na maida shi wasa. In ka ga abu ya tsorata ka har ka ji dariya tana taso maka, to wannan shi ne abin da ya kamata ka tsaya ka duba.

Daga Sakkwato zuwa Tambuwal motar albasa ta isa. Yanzu kuwa ka nuna mani hoton wurin nan da jami'arku ke tura ɗalibai a ƙasar Maroko: farin bene, ɗaki da taga tana kallon teku. Ka ce shekara guda za ku yi tare da ɗaliban wasu ƙasashe, ana kai ku gonaki kuna ganin yadda suke shayar da shuka da ɗigon ruwa a ƙasar da ba ta fi tamu damina ba. Na yi murna, wallahi, har na nuna wa duk wanda ya zo rumfa, da wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Amma ina kallon hoton, abin da nake gani shi ne ruwa a gabanka, hamada a bayanka. Wanda anka kira ba ya jiran jirgi. Sannan ka ce agogonsu da namu kusan ɗaya ne, kana faɗa don in ji daɗin kiran waya. Ban ji daɗi ba. Ke nan in rana ta take a gindin marke, ta take a kanka.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, ko don ka faranta wa tsohon da bai wuce aji fuɗu ba. A takardunsu sunanka na yanka ne, da shi za su riƙa kiranka safe da yamma har kunnenka ya saba amsawa ba tunani. Ranar farko ka ce masu a gida Baffa ake ce maka, shi kake so. Zai ma fi masu sauƙi a baki. Kada ka amsa kiran da ba ka ga mai yinsa ba, ko da muryata ce. Musamman in muryata ce. In ina nemanka, ta waya zan kira, irin mai hoton nan, ka ga mummunar fuskata da giɓina ka tabbatar ni ne.

Tsakar rana kada ta same ka kai kaɗai a ɗakin nan mai taga. Ka kasance cikin aji, ko wurin cin abinci, ko sahun azahar. Wanda anka haɗa ku ɗaki, ko daga wace ƙasa yake, ko yana salla ko ba ya yi, ka kyautata masa, ka ba shi kilishin da Ummarka ta cusa maka, sannan ka gaya masa: in ya ga ka miƙe ka nufi ƙofa ba takalmi, ya riƙe ka, ya zauna a kanka in ta kama. Ka ce masa ubanka yana da taɓin hankali kuma ka yi masa alkawari. Ba zan ji haushi ba, an faɗi abin da ya fi haka a kasuwar Tambuwal. Attahiru yana cikin mutane ya tashi, kowa ya ɗauka alwala ce, don babu wanda anka gaya wa. Kada kunyar a ce ɗan ƙauye ta hana ka samun mai riƙe ka.

Ban da wannan, ci abincinsu ko bai yi maka ba, ciki baƙo ne, yana sabawa. Kada ka maƙale wa 'yan ƙasarmu kaɗai kuna zagin sanyi, wannan a nan ma kuna iya yi. Ka tambayi malamai har su gaji da kai. In ka yi laifi ka koma ka ba da haƙuri tun ranar, kada ka zama ni da hedimasta. In kewa ta taso maka, ka zauna ka tambayi kanka: so nake in ga gida, ko ja na ake yi? Kewa tana barin mutum ya ɗaure takalmi.

To, ga maganar Gado ta uku. Muna gama binne tulun, ya tsaya yana karkaɗe hannu, bai dube ni ba ya ce, "Kira ba ya mutuwa, yaro. In ka fasa bai iso ba, wurin wanda ya yi shi yaka komawa." Ban taɓa gaya wa kowa ba. Duk shekarun nan da nake cewa don Inna na bar tulun, rabin maganar ce. Sauran rabin tsoron kaina ne. Na bar ƙanena yana zagaye itace, na bar ɗana yana waiwaye tsakar gida, don kada a kira ni.

Mai kemis ya ce hannun zai iya riƙe dagin haƙa nan ba da daɗewa ba. In ya warke, Kebbe zan fara zuwa, in durƙusa gaban Inna in gaya mata kalmomin da na ƙara a cikin tulu, in gaya mata abin da zan yi. Na fi tsoron wannan zaman da tonon. Tana iya tsine mani, tana da gaskiya. Amma zan ce mata ɗa ɗaya ta ba hanya, ni ba zan ba hanya na biyu ba. Daga nan in wuce Fakku ni kaɗai, in jira inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, in tone, in ce a'uzubillahi, in fasa. Wataƙila babu abin da zai faru sai ƙura da tsohuwar ƙasa, in dawo gida in ci tuwo, ka dawo baɗi ka yi mani dariya har jikoki su gada. Wannan nake fata, kuma na ba ka izinin dariyar tun yanzu.

In kuwa ka kira wata rana Ummarka ta ce maka na fita da rana tsaka na bar takalmana a zaure, to ka ji ni da kyau: kada ka nemi tikiti. Kada ka bar aji ko na yini ɗaya. Takalman nan sun daɗe suna neman hutu, ni kuma likita ya ce in riƙa tafiya saboda hawan jini. Ka gama shekararka, ka karɓi takardarka, ka sayo wa Ummarka mayafi, ka dawo a jirgi da mota kamar mutum. Ya kamata ko mutum ɗaya a gidan nan ya tafi karatu ƙetare ya shigo da ƙafarsa ta ƙofa, a ba shi ruwa ya sha.

Allah shi tsare gabanka da bayanka, da damanka da hagunka. Allah shi tsare ka daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin abin da ke kira da wanda ke amsawa. Allah shi buɗe maka karatu, shi haɗa ka da mutanen kirki, shi toshe kunnenka daga duk muryar da ba alheri a cikinta, ko ta ubanka ce. Allah shi maido mana da kai lokacin da ka gama, ba kafin nan ba.

Na fiddo hular daga akwati na ba da an wanke. Ranar da zan je gona ita zan sa, don in yana wurin ya gane ni, tunda na tsufa. Shi da na kira, bai ɓata lokaci ba ya ce na'am, Yaya. Ni ke nan da sauran na'am ɗaya a wuyana.

Mahaifinka,
Mamman mai awo, Tambuwal